Saƙon Inna Tumba Zuwa Santa Katarina

Bari in fara da wautata, don in ban faɗa da bakina ba direbobin tashar Jega za su faɗa muku, kuma su sai sun ƙara gishiri. Ni Labbo, da furfurata da komai, na taɓa karɓar saƙo zuwa Barazil, na ce wa mai shi ta koma gida ta kwantar da hankali, kwana huɗu ya isa. A lissafina na lokacin, Barazil tana gaba da Gabon kaɗan. Kuma ina da hujja: na ga 'yan ƙwallonsu a talabijin, da yawa kamar mu suke, sannan duk wanda ya tafi ci-rani mai nisa daga yankinmu Gabon nake jin ana ambata. Aji uku na yi a firamare, rabinsa ma a gonar albasa na yi shi a Kashin Zama. Ranar da aka koyar da teku ina can ina ban-ruwa.

Ku samarin da ke wucewa kuna ganina kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, na san abin da kuke cewa. Wai Baba Labbo ya samu aikin zama, a miƙo masa ƙulli, ya miƙa wa direba, shi ke nan. Wani har ya ce mini waya ta kashe sana'ata. To, har yanzu dai ban ga wayar da ta kai tulun man shanu Kontagora ba. Kayan aikina ba su da yawa: basilla da zaren buhu, igiyar roba da ake yanka daga tsohon tib na taya, alƙalamin maka baƙi da ja, sai hanci. Hancin ya fi su duka wahala. Ƙulli in ya zo sai in ɗaga shi, in jijjiga kaɗan, in sunsuna. Daddawa ba ta zama kusa da atamfar amarya. Man shanu ba ya zama gefen inji. Kwalbar zuma a tsaye take tafiya, ka zana mata kibiya ja, don masu lodi ba su tsayawa karatu amma suna ganin kibiya. Sannan ka san direbobinka ɗaya bayan ɗaya: wanda ba ya tsayawa sai Yawuri, wanda ke da iyali a Koko kuma zai kwana can ko ya rantse maka ba zai kwana ba, da wanda in ka ba shi kilishi rabi ke isa.

Wurin marigayi Alhaji Ɗan-Tani na koya. Shekara biyu bai bar ni na taɓa alƙalami ba, ɗauka kawai da saukewa. Ranar farko da ya bar mini bencin ya tafi jana'iza Aliero, wata mata ta kawo akwatin lefe ta ce a kai wa Hajiya a Yawuri. Na rubuta Hajiya, na rubuta Yawuri, da ajamina mai kama da sawun kaza, na ɗora a mota ina jin ni ma na zama mutum. Kun san yawan Hajiyoyin Yawuri? Akwatin nan ya yi mako yana yawo gida-gida, ga ranar ɗaurin aure ta matso. Alhaji bai zage ni ba. Ya sa ni mota na bi akwatin da kaina, na kwana uku ina sallama a ƙofofin mutane. Da na dawo ya ce in riƙe abu biyu. Ba a aika saƙo gari, hannu ake aika wa, sai ka san wanda zai karɓa da wanda zai miƙa masa. Kuma abin da aka ɗinke ba kai ke farke shi ba, ko da kana jin yana motsi a ciki.

Muguwar shekararmu ita ce wadda mai ya ɓace. Motoci suka yi layi a gidan mai har ƙura ta rufe gilasansu, tasha ta koma wurin kiwon awaki. Kajin da aka ba ni in aika Sakkwato na ciyar da su da dawata har suka saba da ni, ɗaya ma ta fara ƙwai a ƙarƙashin benci. Cuku ya lalace, tattasai ya narke. Na ari keke na riƙa kai na kusa da kaina, yau Aliero, gobe Maiyama, ina tuƙi ina tsine wa ranar da na bar noma. Amma ko ƙulli ɗaya bai ɓata a hannuna ba, kuma wannan sunan ne ya jawo mini Inna Tumba.

Ranar kasuwa ce, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a kama azumi. Tsohuwa ce 'yar firit daga Maiyama, matar wani mahauci da ya rasu, ta zo da 'yarta budurwa mai suna Hajo. Ta ajiye ƙulli a gabana, tsawon kamu ɗaya da rabi, an ɗinke shi cikin farin buhu da ɗinki ƙanana kamar na hula. Da na ɗaga na san ƙarfe ne cikin tsumma. Na tambaye ta hannun wa za shi. Ta kau da kai tana kallon wata tirela.

"Na wancan na," in ji ta.

Na ce wancan wa, Inna, duk tashar nan wancan ne. Hajo ta rufe baki tana dariya, sannan ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, irin kunyar mutanen da. In ya bugo waya sai ta tashi ta fita, ta tsaya bayan ƙofa tana saurare. Sunansa Hali. Shekararsa biyar a Barazil, yana yankan kaji a wani babban kamfani, don Larabawan da ke sayen kajin ba su ci sai Musulmi ya yanka. Ga kuma abin da ya kawo su: rumfar fawa ta ubansa a kasuwar Maiyama, wadda ya gada daga nasa uban, dattawan mahauta sun ce za su riƙe wa Hali ita har layya. In layya ta zo bai dawo ba, ɗan ƙanen uban zai hau, kuma rumfa in ta tafi wani ɗaki ba ta dawowa. Hajo ta faɗa masa a waya ya fi sau goma, yana cewa to, to. Maganar uwarsa ce kawai bai ji ba, ita kuma ba ta da bakin faɗa sai wannan ƙullin.

A nan ne na buga ƙirji na ce kwana huɗu.

Da la'asar na zagaya wurin direbobin tirelar albasa masu sauka kudu ina tambaya wa ke da hannu a Gabon. Da suka ji dalili, wani ya zauna a ƙasa don dariya. Shi ya ce in nemi Malam Bitrus, mutumin Zuru mai koyar da labarin ƙasa a sakandare, wanda duk wata yake ba ni buhun gero in aika wa tsohuwarsa. Washegari Malam ya zo da taswira ya shimfiɗa a kan bencina. Na ce ya nuna mini Jega, ya ce ba ta samu shiga ba. Ya ɗora yatsa a Ikko, sannan ya riƙa jan yatsan hagu da ƙasa cikin wani shuɗi, yana ja, yana ja, har hannunsa ya kusa sauka daga bencin.

"Malam, wanga shuɗi hwa?"

"Ruwa ne, Baba Labbo."

"Duka?"

"Duka."

Na tambaye shi ko akwai gada. Sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

Daga ranar na koma makaranta, aji huɗu, a kan bencina. Duk yamma Malam zai biyo ya koya mini kaɗan, ni kuma in saya masa shayi. Ashe Barazil jihohi ce kamar mu, kowace da gwamnanta da majalisarta. Ta Hali sunanta Santa Katarina, can kudu, ta ba teku fuska, ta ba Ajantina baya. Malam ya tara ƙasa a gaban rumfata ya gina mini ita: ga bakin teku siriri, sai duwatsu su miƙe kamar katanga, in ka hau sai tudu mai faɗi ya yi ta tafiya yamma. A kan tudun nan lokacin da muke damina su sanyi suke, har ruwa kan daskare a kan ciyawa. Babban birninsu a tsibiri yake, sai an hau gada, sunansa Fuloriyanopolis, na yi mako kafin harshena ya yarda da shi. Ba shi ne ma ya fi yawan jama'a a jihar ba. Arewa da shi akwai Itajayi a bakin wani kogi, inda jiragen ruwa ke lodin kaji daskararru. Garin Hali kuwa, Shapeko, yana can ƙurya yamma, tafiyar yini guda daga teku. Malam ya ce a ƙasar jefa ƙuri'a dole ne, doka ce. Na ce to su wa ake raba wa atamfa da taliya ke nan? Ya ce kada in damu, 'yan siyasa ko'ina sun san hanyar gidan talaka.

Sai neman hannuwa. Wani dillalin albasa ɗan Aliero da ke zaune a Ikko ya samo mini wani ɗan kasuwa Ibo mai sarin takalma, wanda ke hawa jirgin sama zuwa Sao Paulo, babban garin kasuwancinsu. Mutumin ya yarda, amma ya kafa sharaɗi: ba ya ɗaukar abin da bai ga cikinsa ba. Ya ce ya san waɗanda suka tsufa a kurkuku saboda ƙullin da aka ce musu yaji ne. Gaskiyarsa. Ni kuma shekara arba'in ban farke ɗinkin kowa ba, ba zan fara da na tsohuwa ba. Na ɗauki ƙullin na hau mota zuwa Maiyama.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na yi mata bayani ina kame-kame, har da amsa laifin kwana huɗun nan. Ta ture waken gefe. Ta sa Hajo ta kawo reza, ita da kanta ta riƙa cire ɗinkin ɗaya-ɗaya, ba ta tsinke zare ko sau ɗaya ba. Tsohuwar hula ce ta mijinta a ciki, ta sha wanki har zanenta ya dushe. Cikin hular wuƙar fawa ce a kubenta na fata, ƙotar ta yi baƙi don riƙo, ruwan ya sirance don wasawa.

"Kakanai ya yi yanka da ita, ubanai ya yi," in ji ta. "In ya gani ya san mi nic ce."

Na ce ko za ta yi magana kaɗan a waya, a naɗa a tura masa, ai ba ganinta zai yi ba. Ta dube ni kamar na ce ta fito kasuwa ta yi rawa. Na tattara wuƙa da hula na fito.

Wautata ta biyu ta fi ta farko, don wannan karon na san abin da nake yi. Wuƙa ta sauka Ikko a tirelar albasa, ta haye teku cikin akwatin takalma, mutumin ya miƙa ta ga wasu 'yan Afirka a wani masallaci a Sao Paulo. Suka turo tambaya ta wayar Malam Bitrus: ina za a sa ta? Malam ya ce akwai motar haya da ke bi ta cikin ƙasa kai tsaye zuwa Shapeko. Na ce Malam, kai ka san takarda, ni na san hanya, a kai ta babban birni, nan ne kowace mota ke haɗuwa. Ni fa, wanda ya tsufa a Jega. Ni da na san motar Sakkwato da ta kudu a nan suke gamuwa, wanda ya kai saƙon Yawuri Birnin Kebbi sai ya dawo da shi ta gabana. Haka wuƙar Inna ta tafi tsibiri, ta zauna a tashar mota cikin ma'aikatan gwamnati da masu zuwa wankan teku, tafiyar yini daga mai ita.

Wanda ya fitar da ni kunya wani Alhasan ne, ɗan Zangon Kumasi, mai aiki kusa da tashar jiragen ruwa ta Itajayi. Mutanen masallaci suka haɗa mu. Hausarsa ta Gana ce, tawa ta Sakkwato, muna tura wa juna murya muna yi wa juna dariya. Ranar hutunsa ya hau mota ya je tsibirin ya karɓo ta. Sannan ya ce mini manyan motoci masu firji da ke sauko da kaji daga Shapeko in sun sauke sai su koma tudu, kuma ya san wani direba a cikinsu, Kirista, mutumin kirki. Da na ji haka na miƙe tsaye a tasha. Ashe sun iya aikin. Daidai yadda muke yi da tirelar albasa in ta juyo daga kudu.

Alhasan ya miƙa wa direban wuƙar, mota ta bar teku, ta hau duwatsu, sai direbobin manyan motoci na ƙasar gaba ɗaya suka shiga yajin aiki a kan tsadar man dizal. Suka jera motoci suka toshe hanyoyi. Tamu ta maƙale a kan tudu cikin sanyi, direban yana kwana a mota da wuƙar Maiyama ƙarƙashin kujera. Alhasan ya ce tashar jiragen ta yi tsit, kaji suna mutuwa a gonaki don abincinsu ya kasa isowa. Na ce gwamnansu ba ya gani ne, ya fito ya buɗe hanya mana. Malam Bitrus ya ce hanyar ta gwamnatin tarayya ce, gwamna yana kallon shugaban ƙasa, shugaban ƙasa yana kallon direbobi. Na ce ashe dai danginmu ne. Muna cikin azumi lokacin. Duk ranar kasuwa Hajo za ta zo ta tsaya gaban bencina, in ce mata yana hanya, kuma Allah ya sani ban yi ƙarya ba.

Sai goman ƙarshe na azumi wuƙar ta shiga hannun mai ita. Hali da kansa ya kira wayar Malam ya ce a ba shi Baba Labbo. Ya gaishe ni da ladabi. Da ya fara magana bai tsaya ba. Ya ce hular tana kansa yanzu haka. Ya ce inda yake aiki ba a shiga da wuƙar gida, tasu suke bayarwa kowace da lamba, yana tsaye cikin fararen kaya a ɗaki mai sanyi yana bisimilla har harshensa ya bushe. Ya ce takardun zamansa sun kusa fitowa, in ya taso yanzu ƙofar ta rufe. Karatun Hajo da na ƙannensa biyu daga hannunsa yake fita, rumfar Maiyama kuwa ranar da ta yi kyau akuya biyu ake yankawa.

"Baba, ƙaƙa zan hwaɗa mata? Ba ta taɓa yi mini magana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba."

Na ce ɗana, ni saƙo nake kaiwa, ban iya wannan ba. Ya ce to, zai ba ni saƙo.

Wannan karon ta hanyar da Malam ya faɗa tun farko ya biyo, ban sa baki ba. Saura mako uku layya tirelar albasa ta sauke mini shi. Ya fi na da girma da laushi, amma da na ɗaga na ji abin da ke tsakiya. Hannuna ba ya mantuwa da nauyi. A sana'armu saƙo ba ya kwana biyu ƙarƙashin benci, ko na maƙiyinka ne. Wannan ya kwana goma sha biyu. Motar Maiyama tana lodi a gabana sau nawa a yini, ina kallonta tana tashi. Hajo ta zo ta tambaya ko akwai labari, na ce mata wayar Malam ta lalace, alhali diddigena yana taɓa ƙullin. Malam Bitrus ne ya leƙa ƙarƙashin bencin wata yamma, ya ɗago ya tambaye ni ko ni ma na shiga yajin aiki ne. Ya ce mahauta suna jiran amsa, kuma ba ni aka aiko wa ba. Da safe na rufe rumfa na hau mota.

Inna tana zaune inda na bar ta wancan karon. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye a gabanta. Ban ce ta buɗe ba, ita ma ba ta jira na fita ba. Bargo ne mai kauri, irin na ƙasar sanyi, an naɗe shi da kyau. A tsakiya ga wuƙar a kubenta. Ta zare ta kaɗan, an wasa ta tana ƙyalli, an shafa mata mai. Ta ɗaga bargon ta kakkaɓe, ta duba cikin buhun, ta sake dubawa. Babu hular. Ta daɗe tana kallon buhun nan.

Sannan ta kira Hajo, ta miƙa mata wuƙar da hannu biyu, ta ce ta kai wa baffanta, ta ce masa a ba ɗansa, Allah ya sa albarka. Muryarta ba ta yi rawa ba. Hajo ce ta fita tana share fuska da gefen mayafi.

Inna ta ninke bargon ta ɗora a cinyarta, ga zafi ana yi kamar a gasa mutum. Ta tambaye ni ko da sanyi sosai can inda wancan yake. Ni kuwa da na rasa inda zan sa kaina, sai na buɗe baki na zuba mata aji huɗuna gaba ɗaya. Na faɗa mata tekun da ba shi da gada, da birnin da ke tsibiri, da duwatsun da mota ke hawa, da jiragen da ke lodin kajin da ɗanta ya yanka, da Alhasan, da direban da ya kwana da wuƙarta a kan tudu. Har zana mata na yi da tsinke a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, tana shafa bargon, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Na yi mata sallama na miƙe. Ina duƙe a bakin ƙofa ina sa takalmi ta yi magana daga bayana, a hankali, kamar mai tambayar ko motar Jega ta cika. Shekaru ke nan, tana nan da ranta, nakan wuce ta Maiyama in gaishe ta, kuma har yau ban ba ta amsa ba.

"Labbo, kai da ka san hannuwan hanyar duka yanzu. Tsohuwa guda, marar nauyi, ana karɓarta saƙo?"